HOTON FARA DA INJIN FOTOKOFI: YADDA AKE MAYAR DA HOTO ZANE

A fitowar wannan wata ina so in ja hankalin ƴan'uwana malaman makaranta, da masu aikin wayar da kai a ƙauyuka, da duk wanda sha'aninsa yakan kai shi shagon fotokofi, zuwa ga wani ɗan aiki da ake yi a kwamfuta, watau mayar da hoto ya koma zane na layi zalla, baƙi a kan fari, irin wanda muka saba gani cikin littattafan karatu na da. Wani zai ce ai wannan wasan samari ne masu ƙawata hotunansu a waya. Ni ma haka na ɗauka, har ran da fara ta kunyata ni a gaban aji.

Ga yadda abin ya faru. Cikin watan Oktoba na 2023, bayan an koma makaranta, darasinmu na kimiyya ya kawo kan ƙwari. Littafi ɗaya ne tak a ajin, yara kuwa 64. Da, abin da nakan yi shi ne in zana a allo su kwafa, amma duk wanda ya taɓa duba littattafan yara bayan irin wannan kwafi ya san abin da ke fitowa: farar wani ta koma ƙadangare, ta wani kuma jirgin sama. Sai na ce bari in yi dabara. Na sa aka kamo mini ƙatuwar fara, na ɗora ta a kan karan gero, na ɗauke ta hoto da wayata. Hoto ya yi kyau ƙwarai, har ƙayoyin ƙafarta ana gani. Na kai wani shago aka buga, aka yi mini kwafi 64 da kuɗin aljihuna. Kashegari da na raba takardun, wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan fara ce ko gawayi?" Aji ya fashe da dariya. Ban tsawata masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Abin da ke kan takardar dunƙulen baƙi ne kawai, ba kai, ba ƙirji, ba ciki, ga shi kuwa aikin da na ba su shi ne su rubuta sunan kowane sashe.

ME YA SA HOTO KE LALACEWA A INJI?

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Hoto yana ɗauke da matakan haske masu yawa, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, da dukkan toka-tokar da ke tsakaninsu. Kwamfuta takan ƙidaya waɗannan matakai daga 0 zuwa 255, sifili shi ne baƙi, 255 shi ne fari, kuma kowane ɗigo na hoton yana da tasa lambar. Shi kuwa injin fotokofi garin tawada iri ɗaya gare shi, baƙi. Ko dai garin ya manne a takarda, ko bai manne ba. In yana so ya nuna toka-toka sai ya yi wayo, ya watsa ƙananan ɗige-ɗige waɗanda ido ke haɗawa daga nesa. Sabon inji mai lafiya yana iya wannan wayo daidai gwargwado. Amma injin da ya sha ƙura da zafi, wanda aka cika masa gari mai araha, sai ɗige-ɗigen su haɗe su zama tabo. In kuma aka yi kwafi daga kwafi, to, kowane zagaye ƙara ɓaci yake yi. Wanda ya taɓa yin kwafin katin shaidarsa ya ga fuskarsa ta koma inuwa, ya riga ya san abin da nake nufi.

Wannan matsala ta girmi fotokofi nesa ba kusa ba. Jaridar Illustrated London News, wadda aka fara bugawa a Ingila a 1842, ta yi shekaru da yawa tana cika shafukanta da surori ba tare da ta buga hoton kyamara kai tsaye ba. Masu sassaƙa ne ke zama da hoto ko zane a gabansu, su sassaƙa shi layi-layi a kan katako mai tauri, sa'an nan a shafa tawada a buga. A 1880 wata jaridar birnin New York mai suna Daily Graphic ta buga hoto ta hanyar ɗige-ɗigen nan da na ambata, kuma an ɗauki shekaru kafin hanyar ta zama ruwan dare. Abin mamaki, zanen bai mutu ba. Jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta ɗauki al'adar mayar da hotunan fuskokin mutane zanen ɗigo da layi tun 1979, har ya zama alamar da ake gane ta da ita.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda a wurina na malami ya fi na farko nauyi. Kyamara ba ta zaɓe. Ta ɗauki fara, ta ɗauki kara, ta ɗauki inuwa da yashi, duk da daraja ɗaya. Zane kuwa zaɓe ne: mai zane ya bar abin da yake so a gani, ya zubar da saura. Shi ya sa har yau littattafan likitanci da na kanikanci suke cike da zane, alhali masu su ba su rasa kyamara ba. In wani ya ce yaran ƙauye ba za su gane zane ba sai an koya musu, to, ga wani labari. A 1962 wasu masana biyu a Amurka, Julian Hochberg da Virginia Brooks, sun bayyana yadda suka reni ɗansu har ya kai wata 19 suna kauce wa nuna masa hotuna, ba su kuma taɓa gaya masa sunan wani abu a hoto ba. Da suka nuna masa zanen layi na abubuwan da ya sani, sai ya faɗi sunayensu. Yaro ɗaya ne, ba a gina hukunci a kan mutum ɗaya, amma abin ya yi daidai da abin da nake gani a aji.

KAYAN AIKI

Manhajar da ta fi suna a wannan fanni ita ce Photoshop, wadda wasu ƴan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Tana da kyau, ba musu, amma tun 2013 kamfanin ya koma tsarin haya, sai mutum ya riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara. Albashin malami bai kai nan ba. Ni GIMP nake amfani da ita. Wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, su suka fara rubuta ta a 1995, kyauta ce tun daga lokacin, kuma a watan Maris na 2025 aka fitar da babban zubinta na 3. In an saukar da ita sau ɗaya, ba ta ƙara bukatar intanet, kuma ana iya ɗaukar ta a filashi a kai wa aboki. Umarnin da zan ambata nata ne, zan kuma faɗi yadda aka rubuta su da Ingilishi da Faransanci domin mai nema ya same su. Wanda ke da Photoshop zai tarar da takwarorinsu.

Amma kafin a kunna kwamfuta, rabin aikin yana wajen ɗaukar hoton. Kuskurena na farko shi ne karan geron nan. Da na sake aikin, sai na shimfiɗa farar takarda, na ɗora ƙwaron a kai, na ɗauka a inuwar zaure da hantsi. Kada a ɗauka cikin tsakar rana, domin rana mai ƙarfi tana jefa inuwa mai kaifi, kwamfuta kuwa za ta zana inuwar nan tamkar wata gaɓa ce ta jikin abin. Wani ɗan ƙasar Norwe, Andreas Fuglesang, wanda ya yi aikin wayar da kai kan abinci mai gina jiki a Zambiya, ya gwada wa mutane surori iri-iri, ya tarar hoton da aka share bayansa aka bar abin da ake nufi shi kaɗai ya fi karɓuwa gare su. Darasin a nan shi ne bayan hoto abokin gaba ne. Sa'an nan in za a tura hoton daga waya zuwa kwamfuta, a yi da igiya, ko a aika shi a matsayin takarda. WhatsApp yana matse hoto in an aika shi yadda aka saba, ƙananan layuka su ɓace.

YADDA KWAMFUTA KE NEMO LAYI

Da farko a yanke gefunan hoton a bar abin da ake so. Sa'an nan a cire launi, hoton ya koma baƙi da fari irin na masu hoton da. Umarnin yana ƙarƙashin jerin launuka, an rubuta Desaturate, ko Désaturer.

Daga nan akwai gajeruwar hanya wadda kowane sabon shiga yake faɗa wa, ita ce umarnin iyaka, Threshold ko Seuil. Aikinsa raba gardama ne. Ka ba shi lamba, yakan fara da 127, duk ɗigon da ya gaza wannan lamba sai ya mayar da shi baƙi, wanda ya kai kuma fari. In tambari ne, ko sa hannu, ko rubutun da aka yi da alƙalami a farar takarda, wannan kaɗai ya isa. Amma ga fara, ko fuskar mutum, gawayin nan dai za ka sake samu, domin abin da tsohon injin fotokofi ya yi ke nan, kai dai ka yi shi da hannunka.

Hanyar da ta fi ita ce wannan, kuma ina roƙon mai karatu ya bi ni a hankali. A GIMP hoto yana zama falle-falle, kamar takardu masu shara-shara da aka jera wani bisa wani. To, ka yi kwafin fallen hotonka, ya zama biyu. Na saman ka dusashe shi, ya yi hazo-hazo, da umarnin Gaussian Blur, ko Flou gaussien. Sa'an nan a akwatin da ke nuna yadda falle ke haɗuwa da na ƙasansa, ka zaɓi rabawa, Divide ko Diviser. Nan take za ka ga hoton ya washe ya yi fari, sai layuka kawai suka rage kamar an zana da fensir.

Ran da na fara ganin wannan na ɗauka siddabaru ne, ashe lissafin aji huɗu ne. Dusashewa tana mayar da kowane ɗigo matsakaicin maƙwabtansa. Rabawa kuma tana raba lambar ɗigo na asali da wannan matsakaici. A tsakiyar fiffike, inda launi bai sauya ba, ɗigo 100 ne, maƙwabtansa ma 100, in ka raba ɗaya za ka samu, kwamfuta kuwa tana ɗaukar ɗaya a matsayin fari. Ko da wurin duhu ne, 40 a raba da 40, ɗaya ne dai, fari ne. Amma a bakin gaɓa, inda duhu ya haɗu da haske, ɗigo 60 ne maƙwabtansa 120, sai a sami rabi, watau duhu. Ka ga ke nan kwamfuta ta daina tambayar ko wuri baƙi ne, ta koma tambayar ko ya fi na kusa da shi baƙi. Wannan yana da muhimmanci gare mu musamman, domin fuskar baƙar fata, wadda umarnin iyaka ke mayarwa tabo guda, a wannan hanya takan fito da ido da hanci da baki sarai. A wasu littattafai za ka ga an ce a juya fallen sama, baƙi ya koma fari, sa'an nan a zaɓi Dodge. Hanya ce mai zagaye zuwa gida ɗaya.

Yawan dusashewa shi ke yanke kaurin layi. Kaɗan yana ba da siririn layi, da yawa yana ba da mai kauri haɗe da inuwa. Ni nakan fara da 5 in yi ta ƙarawa har zuwa wajen 15 ina dubawa. In ya yi maka, sai ka haɗe fallayen biyu, yanzu ne kuma umarnin iyaka zai yi amfani. Sai dai tun da kusan kome ya yi fari, 127 ba za ta yi ba, sai ka ja lambar sama, wajen 200 zuwa 240, har layukan su tsaya baƙi ƙirin. Abin da ya rage na ƙura da ɗige-ɗige sai ka bi da magogi ka share.

INDA KWAMFUTA TA TSAYA

To, na yi duk wannan, na zauna ina jin daɗi, sai na ce bari in ƙirga ƙafafu. Bakwai na samu. Ɗaya inuwa ce. Ƙahonnin nan biyu sirara da ke kan fara kuwa, ɗaya ya katse a tsakiya, ɗaya ya ɓace gaba ɗaya. Inda ƙirji ya rabu da ciki, wanda shi ne zuciyar darasin, ba layi ko ɗaya, domin launin wuraren biyu iri ɗaya ne. A maimakon haka ta cika fiffike da ɗaruruwan jijiyoyi waɗanda ba wanda ya tambaye ta. Da na raba wannan takarda, da na koya wa yara 64 cewa ƙwaro ƙafa bakwai gare shi, kuma da sun fi yarda da takardar bisa bakina, don yaro yana girmama abin da inji ya buga.

Kwamfuta sauyin haske take gani. Ba ta san fara ba, ba ta san darasi ba. Saboda haka hanyar da na zauna a kanta yanzu ita ce ta haɗa biyu, kuma ita nake ba kowa shawara. Ka rage ƙarfin fallen hoton ya yi dishi-dishi, ka ɗora sabon falle wanda ba kome a kansa, ka bi layukan da hannunka. Mu da muka yi makarantar horon malamai mun san wannan aiki, shi ne dai kwafin taswira da muke yi da takarda mai shara-shara a jikin gilashin taga, sai dai a nan kuskure ba ya cin takarda. Zane da linzamin kwamfuta yana da wuya da farko, hannu yana rawa. Maganinsa kayan aikin da ake kira Paths, ko Chemins: kana dasa ɗigo nan, ka dasa can, ita ta haɗa su da layi, ka lanƙwasa yadda kake so. Layin waje ka yi shi da kauri, na ciki siriri. Abin da ba ya cikin darasi ka bar shi. Farata ta biyu ta ci mini kusan awa biyu, ta fito da kai da ƙirji da ciki, da ƙafafu shida duka a jikin ƙirji inda Allah ya sa su, da jijiya huɗu kacal a fiffike don a gane fiffike ne. Ba ni da baiwar zane, kowa a makarantarmu ya sani. Hoton ne ya riƙe mini tsawo da faɗi, ni kuma na riƙe zaɓe.

Na san akwai manhajojin waya masu yin wannan aiki da taɓawa ɗaya, har da sababbin nan masu ƙirƙirarriyar basira. Zanensu yana da ban sha'awa, amma a yi hattara. Tsohuwar hanya takan ɓatar da abu, sabuwar kuwa takan ƙago abin da babu shi a hoton, ta kuma zana shi da kyau yadda ba za ka yi zargi ba. In ado ake so, ba laifi. In darasi ne ko takardar kiwon lafiya, a ƙirga ƙafafu. Bugu da ƙari, da yawansu sai sun aika hoton ta intanet zuwa wata ƙasa kafin su sarrafa shi. Ban ga dalilin da malami zai aika hoton ɗan wani can ba tare da sanin iyayensa ba. Haka nan mayar da hoto zane bai mayar da shi naka ba. In hoton wani mai ɗaukar hoto ne, ko fuskar wani ce da za a gane, a nemi izini. Mafi sauƙi mutum ya ɗauki nasa.

KAFIN A KAI SHAGO

Takardar A4, in ana son bugu mai kyau na ɗigo 300 a kowane inci, tana bukatar hoto mai ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. A wannan ma'auni milimita ɗaya kusan ɗigo 12 ce, saboda haka layin da bai kai ɗigo 4 ko 5 ba, tsohon inji zai cinye shi. A adana zanen a matsayin PNG. JPEG an yi shi ne domin hotuna, yakan bar datti a gefen layi.

Wanda kuma yake son ya faɗaɗa zanen, alal misali don allon sanarwa, ko bugun riga, ko hatimi, sai ya nemi Inkscape, ita ma kyauta ce, an fara ta a 2003. Tana da umarnin da ke bin zanen ɗigo ya mayar da shi zanen lissafi, wanda ake ajiye shi a matsayin lanƙwasa da kusurwa maimakon ɗige-ɗige, don haka ko an ja shi ya kai girman bango ba ya fashewa. Injin da ke wannan aiki a cikinta sunansa Potrace, wani masanin lissafi Peter Selinger ya rubuta shi. Amma a ba ta zanen da aka riga aka tsabtace, in ba haka ba kowace ƙura sai ta mayar da ita gaɓa.

Gwajin ƙarshe da nake yi shi ne in buga ɗaya, in yi kwafinsa a injin da ya fi kowane lalacewa a unguwa, in kuma yi kwafin kwafin. In har yanzu ana iya ƙirga ƙafafu, sai in biya kuɗin saura. Sunayen sassa ba na rubuta su, kibiyoyi kawai nake ja in bar gurbi, yara su cike. Farar nan yanzu tana hannun malamai uku ban da ni, ɗaya a wani ƙauye inda ba wuta, kwafi yake yi daga kwafin da na ba shi in ya shigo gari ran kasuwa. Ya aiko mini cewa ƙahonnin sun fara shuɗewa, don haka na ƙara musu kauri daga ɗigo 4 zuwa 7, zan aika masa sabuwa tare da zanen zangarniyar gero da nake kan yi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.